Shukar Lungun Rijiya

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya sa ciwon gwiwar da kika yi mini ƙorafinsa ya lafa, Ya ƙara wa maigida lafiya da buɗi, Ya raya mana 'yan biyu da takwarar Inna cikin albarka. Mu ma nan sai godiya. Maman yara ta koma aiki bayan zazzaɓin da ya kwantar da ita, babbar 'yarmu ta gama jarrabawa tana jiran sakamako ta hana kowa sakat, ƙaramin kuwa ya sake karya tabarau. Goggo tana nan da bakinta yadda kika san shi. Jikin Inna lafiya, hawan jinin bai tashi ba duk da abin da ya faru, kuma wannan kaɗai ne labari mai daɗi da nake da shi game da ita.

Na zaɓi in rubuto miki ne saboda waya ta gaza mana. Duk lokacin da muka yi magana ke kina kuka, ni ina ɗaga murya, mu rabu ba wanda ya ji wani. Labarin da ya iso miki kuma ta bakin Kawu Direba ya biyo, kin kuwa san shi, in ya ɗauko magana sai ya sauke rabinta a hanya don mota ta yi masa sauƙi. Zan gaya miki abin da na gani da idona, wanda kuma ji na yi zan faɗi mai gaya mini. Ina roƙonki ki karanta har ƙarshe kafin ki yanke mini hukunci.

Ba sai na tuna miki lungun rijiya ba. Tun ranar da aka ciro gawar Auta daga rijiyar lambu, Baba ya toshe bakinta da siminti, ya gina katanga a gefe biyu na kusurwar, sauran ya dasa ƙaya, ya kafa ƙofar langalanga ya ɗaura mata kwaɗo. Ni da ke mun girma muna kewaye wurin kamar wuta. Ko mangwaron da ke zuba ciki ba mai tsinta, a nan yake ruɓewa. Bayan rasuwar Baba lambun ya koma sunan Inna, masu haya suna noman gaba, amma kowannensu ya san ba a taɓa lungun, kuma ba a ambatarsa gaban Inna. Fiye da shekara talatin ke nan. Ɗanki ya san duk wannan, domin a gidan ya tashi tun da kika bar shi a hannun Inna kika bi mijinki. Ita ta goya shi, ita ta riƙa tsokanarsa da angonta har sunan Ango ya bi shi ya danne na yanka. To, da Ango ya zauna neman wurin da ido ba ya kaiwa don ya shuka tabar wiwi, bai nufi daji ba, bai hau dutse ba. Ya duba inda gidanmu ya fi ciwo, ya ga nan ne ba mai shiga, ya karya kwaɗon Baba ya sa nasa.

Yadda Inna ta shiga cikin lamarin daga bakin Goggo na ji, ita kuma Inna ce ta ba ta labari daga baya. Kin san likita ya ce ta riƙa tattaki da safe, ta kuwa mai da lambu wurin zuwanta. Wata safiya ta ji ƙarar fartanya a bayan ƙofar da ta san a rufe take. Ta daɗe a tsaye, sannan ta tura. Ta tarar an share wurin tas, an sare ciyawa, an yi kunya-kunya, ga tsiro kore shar a jere har gindin rijiyar, ga Ango a sunkuye. Da ya ɗago ya gan ta, bai ko rikice ba. Ya ce mata ya daɗe abin yana damunsa a ce inda ƙanwar mahaifiyarsa ta rasu ya zama gidan macizai, shi ya sa ya gyara, ya shuka wani sabon irin rama da ya samo wurin malaman gona, in ta yi a raba wa maƙwabta sadaka ladan ya je wa Auta. Inna ta zauna a ƙasa ta yi kuka, ta sa masa albarka har muryarta ta dushe. Ya ba ta mabuɗi, ya roƙe ta kada ta gaya mini, kada ta gaya miki, wai don kada a tayar wa kowa tsohon ciwo kafin shuka ta nuna.

Za ki ce yaya Inna, wadda ta yi rayuwarta a lambu, za ta kasa bambanta rama da wiwi. Ni ma na yi wannan tambayar. Yanar idon nan ta ƙaru sosai tun zuwanki na ƙarshe, yanzu inuwar abu take gani da launinsa, ganyen biyu kuma suna ɗan kama ga mai kallo daga nesa. Duk da haka hannunta bai ruɗe ta ba. Ta ce masa wannan ramar ba ta da ƙaiƙayi a kara, ya ce ai shi ya sa ake tsadar irin. Da shuka ta girma ta ce warinta ya yi ƙarfi, ya ce an yi ta haka ne don ta kori ƙwari. Kowace tambaya ta kawo yana da amsarta a aljihu, ita kuma ba ta da dalilin zargin yaron da ta yi wa tsarki da hannunta. Sai ya jawo tiyo daga famfon lambu zuwa wani duro a cikin lungun, ya sayo mata 'yar ƙaramar butar ban ruwa ta roba daidai ƙarfinta, ya daina zuwa da rana.

Mu a gida abin da muka gani shi ne Inna ta canza. Ta koma cin abinci sosai, tana waƙe-waƙenta na da a tsakar gida, tana dawowa da laka a bakin zane. Maman yara ta tambaye ta wane aiki ta samu haka, ta ce angonta ne ya ba ta aiki, kuma ta lura kishi na neman kashe matan gidan. Muka yi dariya. Na ɗauka wurin masu haya take zama tana taya su tsinke ganye.

Ranar da abin ya fashe, Mai Tumatir ne ya kira ni, wato mai lambun da ke jikin katangarmu. Shi ya kai rahoto, bai kuma ɓoye mini ba. Ya ce warin ya fara tsallakowa, wasu samari da bai sani ba sun fara zarya a bayan katanga, ya ji tsoro kada a zo a ce nasa ne. Ya rantse mini bai taɓa zaton Inna za a tarar ba, Ango yake tsammani, domin shi ya gani yana shiga da buhunan taki tun farkon damina. Na isa na tarar da jami'an yaƙi da miyagun ƙwayoyi sun cika lungun. Shukar ta fi Inna tsawo. Ita kuma tana tsaye a tsakiya da butarta a hannu tana yi musu faɗa su kula da takalmansu, suna tattake mata kunya. Yaya, wannan ne shigata ta farko wurin tun muna yara, kuma abin da na tarar ke nan.

Babbansu mutum ne mai natsuwa. Ya sa aka kifa mata bokiti ta zauna, ya durƙusa ya gaya mata sunan abin da take yi wa ban ruwa. Da farko dariya ta yi, ta ce yaran yanzu ko rama ba su sani ba. Da ta ji ba wanda ya taya ta dariyar, sai ta ce a tsinko mata ganye ɗaya. Ta kai shi dab da idonta, ta murza, ta shinshina. Ina kallon fuskarta lokacin, ba kuma na fatan ki taɓa ganin irinta. Can ta tambayi jami'in me ake yi wa wanda ya shuka wannan. Ya gaya mata. Ta gyara mayafinta ta ce to ita ta shuka. Suka tumɓuke shukar gaba ɗaya, suka ɗebi wadda za su tafi da ita, sauran suka tara a gefen rijiyar suka cinna mata wuta, Inna tana zaune tana kallon hayaƙin.

A ofishinsu ba su wulaƙanta ta ba, wannan zan faɗa saboda gaskiya. Wata jami'a ta ba ta kujerarta, ta kawo mata ruwa. Amma tambaya sun yi ta. Suka ce ina ta samu irin, ta ce a kasuwa. Wurin wa, ta ce wani mai hula. Wace irin hula, ta ce ita matar mutunci ce, ba ta ƙare wa hular maza kallo. Suka ce wa ya ɗauko mata duron, ta ce da ƙuruciyarta ta ɗauki abin da ya fi shi. Har babban nasu sai da ya murmusa. Duk ƙoƙarin da na yi in sa baki ta hana ni, ta ce ba da ni ake ba, ta dangwala yatsa a kan bayanin. Da za mu fito babban nasu ya ja ni gefe ya ce shi ma yana da uwa, ya san ba ita ba ce, amma fili da sunanta yake, a ciki aka same ta da buta a hannu, ga kuma bakinta. In ba a kawo musu sunan mai abin da shaida ba, takarda za ta wuce kotu yadda take. Suka ba ni belinta. Kafin mu iso gida Ango ya cika wandonsa da iska, ya kashe wayar da muka sani. Ke kaɗai ya kira.

Washegari Kawu Direba ya tara mu a falon Inna. Ya buɗe da addu'a mai tsawo, sannan ya ce a duba maslaha. Wai yaro yanzu ya fara rayuwa, in aka ɗaure shi ba mai ba shi aiki, ba mai ba shi mata. Ita kuwa Yaya, haka yake kiran Inna, ba alƙalin da zai kai tsohuwa gidan yari, iyaka a yi mata faɗa a ci ta tara, shi kuma ya san wani wanda ya san wani. Yana faɗar haka yana kallon silin, Inna tana gefensa tana jan carbi kamar ba ita ake rabawa ba. Goggo ta bari ya gama, ta ce masa tunda tsufa ya zama rigar kariya, ai shi ma furfura ta cika masa kai, ya je ya ce shi ya shuka mana, ga shi namiji, ya fi dacewa da ɗaukar duro. Kawu ya ce shi yana da iyali. Goggo ta ce ita kuma 'yar'uwarsa daga sama ta faɗo ke nan. Duk da haka ra'ayinsa bai canza ba, domin yana fita ya kira ki.

Yanzu na zo kanki, Yaya, kuma zan faɗa a natse domin ke babba ce. Kin ce mini, na kuma riƙe kalmominki, Inna ta riga ta ci zamaninta, shi kuwa yanzu ya fara, kuma tunda da bakinta ta zaɓa mu bar ta da zaɓinta. Na san uwa ce ke magana, na san kina can ba ki ga abin da na gani ba. Amma raina ya ɓaci da wannan magana, har yau bai huce ba. Inna ba ta zaɓi komai ba. Ranar da ya miƙa mata butar nan ya zaɓa mata. Abin da ta yi a gaban jami'ai shi ne abin da duk wanda ya san ta ya san za ta yi, shi ma kuma ya sani tun kafin ya sa iri a ƙasa. Na yi shekaru ina zama a kotuna ina ɗauko wa jarida labari, na san yadda ake kiran sunan mutum da na mijinsa da ƙarfi a gaban jama'a, a karanta laifi a tambaye shi ya amsa ko bai amsa ba. Na san yadda ake ɗage shari'a a sake ɗagewa, mutum ya wuni a benci ba a kira shi ba. Na kuma san labarin tsohuwa mai noman wiwi ba editan da zai bar shi ya kwana, da hotonta za a buga. Lauyan da na gani ya ce shekaru suna iya rage hukunci amma ba sa goge laifi, kuma lambun kansa ana iya ƙwace shi. Ko da ba a rufe ta ko na awa ɗaya ba, matar da ta rayu ba wanda ya taɓa jin kanta za ta ƙarasa kwanakinta yara suna nuna ta a layi. Wannan ne kuke kira faɗa da tara.

Duk da haka ban yi gaggawa ba. Na nemi Ango, na same shi a bayan shagon abokinsa mai faci, zaune a kan tulin tayoyi sanye da rigar aro yana shan shayi. Ya gaishe ni da ladabi kamar kullum, ya share mini benci. Sannan ya buɗe mini karatu. Wai ganye ne kamar kowane ganye, wai a wasu ƙasashe a kanti ake sayar da shi da rasit, wai likitoci ma suna magani da shi. Ya ce ya gama makaranta ya gaji da yawo da takardu ofis-ofis, damina ɗaya kawai ya so ya yi ya samu jari ya bari. Na ce masa duk wannan magana ce da za mu iya zama mu yi wata rana, na karanta abin da ya karanta har da wanda bai karanta ba, kuma rashin aikinsa ya dame ni tun ba yau ba. Amma ba ita ta kawo ni ba. Tambaya ɗaya na zo da ita, me ya sa ya sa sunan Auta a ciki. Ya ce Inna ce ta faɗo masa ba shiri, me zai ce. Na ce to butar fa. Ya ce ita ta matsa sai ta taya shi.

A nan mai facin, wanda ke ta buga taya yana saurarenmu, ya ajiye guduma ya ce shi dai ba ya son a mai da shi abokin ƙarya a shagonsa. Ya ce Ango da bakinsa ya yi musu alfahari cewa ya samu mai gadin da ba hukumar da za ta zarga, mai gadi mai carbi, ba albashi ba hutu. Ango ya fusata. Ya ce mini to, in ma haka ne, a cikinmu duka wa ya taɓa faranta wa Inna rai kamar yadda ya yi a watannin nan, tana ci tana barci tana waƙa, mu da muka bar ta shekara da shekaru da ƙofa a kulle. Yaya, ban mare shi ba, amma sai da na zauna a kan hannuna. Gaskiya ne ta yi farin ciki. Ta ɗauka a ƙarshe wani ya tuna da 'yarta. Shi kuma ya ɗauki wannan farin cikin a matsayin ladan aikin da ya sa ta, yana ganin sun yi ciniki ba wanda ya cuci wani. Shukar ba ta ƙona mini rai kamar wannan lissafin nasa ba.

Na gaya masa da safe zan koma ofishin, ya zo mu tafi tare ya shiga da ƙafarsa. Lauya ya ce wanda ya kai kansa ana duba masa, ni kuma na yi masa alkawari ba zan bar shi shi kaɗai ba har a gama. Ya ce zai yi tunani. Da safe na tsaya a ƙofar gida har rana ta ɗaga. Bai zo ba. Saƙo ya turo daga wata lamba cewa mamarsa ta ce ya dakata tukuna, za ta shawo kaina. Ban san ko haka kika ce ba, ke kika sani. In kin faɗa, to ki sani wannan kalmar ce ta hana shi damar da ta rage masa.

Ban tafi a ɓoye ba. Na shiga ɗakin Inna na durƙusa na gaya mata inda za ni da abin da zan faɗa. Ta tambaye ni wa ya aike ni. Na ce ba kowa. Ta ce yaron nan a bayanta ya yi wayo, ita ta san kukansa na yunwa da na rigima. Ta ce ɗaya ta riga ta fita daga hannunta lokacin da ita take waigen wani wuri, ba za ta miƙa na biyu tana kallo ba. Ba ta zage ni ba, ba ta yi mini baki ba. Ta ce in na fita ƙofar nan kada in dawo ina tambayarta yadda ta kwana. Na tashi na fita, na ɗauki Mai Tumatir muka je, ya faɗi abin da ya gani, na faɗi abin da na ji da inda na ji shi. Kafin azahar sun ɗauko Ango daga shagon. Mai facin ma ya maimaita musu maganarsa.

Ga inda muke yanzu. An cire sunan Inna daga tuhuma, ba za ta tsaya gaban alƙali ba, lauya kuma yana ganin lambun zai tsira tunda an tabbatar yaudararta aka yi. Ango yana tsare yana jiran ranar kotu. Na ɗaukar masa lauya, na kai masa kaya da sabulu da maganin asmarsa, ya karɓa bai ɗago ya dube ni ba, hakan bai dame ni ba. Ba na neman a tsananta masa, ɗan 'yar'uwata ne, kuma zan zauna a bayansa duk ranar da aka kira shari'ar. Abin da ban yarda ba shi ne wani ya ɗauki kayan da ya ɗaura, balle Inna. Don Allah ki gaya wa Kawu Direba ya daina yawon neman wanda ya san wani, zai ƙara jefa yaron cikin wani laifin ne, shi ma ya bi shi.

Ita kuwa Inna ta cika maganarta. A ranar ta ɗaure kayanta ta koma gidan Goggo. In na je gaisuwa tana juya fuska bango. Maman yara ta kai mata abinci ta dawo da shi yadda ya je, yara kaɗai take amsa wa. Duk ranar da aka yarda a ziyarci tsararru takan tashi ta dafa wa Ango abinci da hannunta, duk da idon nan, ita da Goggo su tari tasi. Ta ƙi shiga motata. Ni kuma ba na iya barin tsofaffi biyu su ratsa gari su kaɗai, sai in bi su a baya, in tsaya a tsallaken titi har su fito, in sake bin su gida. Ta san ina nan, Goggo ta gaya mata, ba ta taɓa waiwayowa ba. Wannan zan iya ɗauka, na san da shi na fita daga ɗakinta. Wanda ya fi ƙarfina shi ne abin da Goggo ta ce yana faruwa a ciki. Wai Inna ce ke ba shi haƙuri. Tana ce masa ya yafe mata ta kasa kare shi, shi kuma yana cin abincin yana ce mata ba komai, ya yafe. Goggo ta ce ranar farko da ta ji haka sai da ta fita waje don kada ta kifa masa kwanon a ka.

Saboda haka nake roƙonki ki zo. Ki nemi izinin maigida, ki bar yara wurin danginsa, ki taho ko na ɗan lokaci ne. Ki zo ki yi mini faɗan da kike so ido da ido, zan tsaya in saurara, ke Yayata ce. Amma Inna tana bukatar ɗaya daga cikin 'ya'yanta da za ta iya yi wa magana, ni kuma na fita daga wannan layin, ban san har yaushe ba. Ango kuma yana bukatar wanda zai gaya masa cewa shi ne mai neman gafara, kuma ba wanda zai ji wannan daga bakinsa sai ke. In kin zo, ki fara sauka wurin Inna a matsayin 'yarta kafin ki wuce wurinsa a matsayin uwarsa. Wannan kaɗai na roƙa.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, ki ba shi haƙurin wannan tashin hankali da ya same shi daga gidanmu. Ki shafa mini kan 'yan biyu, ki ce wa takwarar Inna littafin da na yi mata alkawari yana nan na ajiye. Ki gaida surukarki da jiki, Allah Ya ba ta lafiya. Maman yara tana gaishe ki, ta ce ɗakinki a share yake. Yara suna gaida gwaggonsu. Goggo ta ce in gaishe ki, in kuma ce miki kada ki tsaya sayen tsaraba. Mai Tumatir ma ya roƙa a isar miki da gaisuwarsa da ban haƙurinsa. A nan ne a kowace takarda nake rubuta miki cewa Inna tana gaishe ki tana sa miki albarka. Wannan karon ba ta ba ni saƙo ba, ni kuma ba zan ƙirƙira mata ba. Ki zo ki karɓa daga bakinta.

Allah Ya kawo ki lafiya, Ya shirya mana zuriya, Ya sanyaya zuciyar mahaifiyarmu.

Wassalam,
Ƙaninki.